Kek ɗin Kabewa da Ƙafar Malam Hussaini

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a Aujara ya san Luba mai kek. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofar gida. Abin da take da shi tsohuwar tukunyar ƙarfe ce baƙa ƙirin, da yashin rafi da take wankewa ta shanya, da hannun da ya san wuta. Za ta zuba yashin a gindin tukunya, ta jera gwangwanaye a kai, ta rufe, ta ɗora garwashi a kan murfi, sannan ta koma gefe tana tsintar shinkafa kamar ba ita ta ɗora ba. Da hanci take sanin ya gasu. Mata sun sha zuwa su zauna su kalla tun daga kwaɓi har saukewa, su koma gida su ƙona nasu ƙurmus, su dawo suna cewa akwai abin da take ɓoye musu. Ba ta ɓoye komai ba, haƙurin jiran wuta ne ba su da shi.

A wani ƙauye kusa da garin aka haife ta, gidan manoma, irin gidan da kabewa ke hawa danga ta haye rufin ɗaki ba wanda ya ce mata don me. Tana tasowa aka kai ta riƙo Ringim wajen gwaggonta. Can ta koyi gashi, can kuma ta koyi faɗin magana ba kwana-kwana. Da ta auri Malam Hussaini, dangi suka yi ta mamakin yadda zaman zai yiwu, don shi mutum ne mai sanyin hali, wanda ko akuya ce ta shiga gonarsa sai ya lallaɓa ta ta fita. To zaman ya yiwu. Suka haifi 'ya'ya, matan suka yi aure, namijin ya tafi Dutse yana tuƙin adaidaita, gida ya koma daga ita sai shi sai tumaki a turke.

Malam Hussaini manomi ne na gero da dawa da riɗi, kuma ba shi da wata sana'a bayan wannan. Ba ya taƙama da gona, ba ya taƙama da riga. Abu ɗaya ne yake sa shi ɗaga kai, wato kwanon gidansa a wajen ciyayya.

A layinsu, da an idar da sallar magariba, kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan Baba Abdulkahar, dattijon unguwar, a shimfiɗa tabarma a jera. Ba a buɗe kwano biyu lokaci guda. A buɗe na wannan, kowa ya sa hannu, a ture, a jawo na gaba. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar, zai zauna ya ci ya ƙoshi ba mai kallonsa, amfanin abin ke nan. Amma akwai abu biyu da ba a yi. Namiji ba ya ƙulewa a ɗaka ya ci shi kaɗai ya bar mutane a waje, sai dai idan ya yarda a kira shi marowaci har 'ya'yansa su gaji sunan. Ba a kuma janye hannu daga kwanon wani, don ma'anarsa ko matar gidan ƙazama ce ko kana zargin an zuba maka wani abu. A wannan tabarmar kwanon Luba ba ya kwana, har suɗe shi ake yi, kuma Malam Hussaini yakan shigo da shi wayam yana murmushi kamar an yi masa albishir.

Wata kaka, ana cikin girbin dawa, kututture ya soke shi a tafin ƙafar dama. Manomi da kututture ai ba baƙin juna ba ne. Ya matse jinin, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki. Aka gama girbi, aka kai amfani gida, ciwo bai rufe ba. Aka gasa da ruwan zafi, aka barbaɗa garin magani, aka sayo ƙwayoyi a kemis, ciwo sai faɗi yake yi. Luba ta lura kuma mijin nata yana shan ruwa kamar an aiko shi, yana ramewa alhali cinsa bai ragu ba. Ranar da ta kwance tsumman ta ji wari, ba ta nemi shawararsa ba. Ta ɗauko masa riga ta ce su tafi Dutse.

A asibiti aka gwada jininsa aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jiki. Likita ya wanke ciwon, ya rubuta magani, ya yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye. Ya ce magani kaɗai ba zai yi ba. Idan sugan bai sauka ba ciwon ba zai warke ba, idan kuwa ciwon ya ci gaba da cin naman ƙafar ya kai ƙashi, ƙafar za a yanke. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja Luba gefe ta ce a rage masa tuwo sosai, a raba shi da fura mai suga da shayi mai zaƙi, a ba shi wake da gyaɗa da ƙwai da ganye, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Luba ta haddace kaf. Ita a ranta ma abin ya zo da sauƙi, tunda an ce maganin a tukunya yake, tukunya kuwa hannunta ce.

A mota, suna hanyar komawa, Malam Hussaini ya sunkuyo ya yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Luba, abin da likitan nan ya faɗa, daga ni sai ke. Kada wanda ya ji."

Ta san dalili. A bakin mazan layinsu, wanda aka ce yana da ciwon suga an gama da shi, ya zama hoto, a gona da a ɗaka duka, kuma ba za su faɗa a gabansa ba, sai ya ba da baya. Ta ce masa to, don a mota suke.

Matsalar farko da ta tarar ita ce manomi ba ya zama a gida a riƙa miƙa masa faten wake sau biyar. Yana buƙatar abin da zai jefa a aljihu, wanda ba zai lalace ba, wanda zai riƙe ciki. Nan sana'arta ta yi mata rana. Kabewa tana nan jibge a bayan ɗaki tun kaka. Ta zaɓi jar, nunanniya, ta fere, ta turara a madambaci don kada ta sha ruwa, ta murje ta da ludayi. Ta soya waken suya sama-sama har ƙarnin ya fita, ta surfe, ta kai inji. Ta haɗa da tunkuza, da riɗin gonarsa, da ƙwan kajinta, da 'yar citta da kanumfari. Ba fulawa, ba suga. Gashin farko ya fito caɓal, na biyu ya fito da tauri har ya gagari haƙori. A na uku ta gane kabewar ce ke son a matse ta a tsumma tukuna. Ta shimfiɗa kwaɓin a faranti, ta ɗora a kan yashi, ta rage wutar ƙasa ta ƙara ta sama. Da ya huce ta yanka shi dogo-dogo kamar sabulun wanki. Launinsa ruwan zuma, ƙamshinsa ya cika tsakar gida, ɗan zaƙin kabewar kuma ya isa.

Da safe ya ci, da rana ya ci, ya ce ya yi daɗi. Da magariba ta zuba masa a kwano ta ce ya zauna ya ci kafin ya fita. Ya dube ta kamar ta ce ya fita ba wando. Ya rufe kwanon ya ɗingisa da shi zuwa ƙofar gidan Baba Abdulkahar.

Abin da ya faru a can ba sai an faɗa ba. Mutanen da suka saba da tuwon dawa da miyar kuka aka buɗe musu kek ranar da ba biki ba suna. Wani maƙwabcinsu mai barkwanci, Bubayero, ya raɗa masa suna bulon Luba, ya ce da irin wannan bulon a yi masa ɗaki ya cinye shi kafin damina. Kafin ka ce me, kwano ya koma wayam. Malam Hussaini ya samu guda ɗaya, sannan ya bi layi ya sa hannu a tuwon kowane gida, har da dambun wani da furar wani, don ba a janye hannu. Ya shigo yana fara'a yana ba ta labarin yabon da aka yi mata. Luba ta ji kamar ta kurma ihu. Yini ta yi a bakin wuta tana ciyar da ƙarti masu lafiya, mai ciwon kuma ya cika cikinsa da abin da aka hana shi.

Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka. Ya ce shi fa bai ga yadda za a yi ya zauna cikin mutanen da ya girma tare da su ya naɗe hannu ba. Ta ƙara yawan gashin don ya samu rabo mai kauri, sai masu ci suka ƙaru, har daga wani layin ake leƙowa. Da suka koma Dutse aka gwada, sugan yana nan inda yake, ciwon kuma ya ci gaba zuwa wajen yatsu. Likita ya girgiza kai kawai, wannan kuwa ya fi faɗa tsoratar da ita.

Sai ta yi dabara, irin dabarar da ke yi wa mai ita kyau tun ba a gwada ba. Ta ce tunda daɗi ne ke jawo su, bari ta cire daɗin. Ta sayo hulba, wadda ma ake cewa tana da amfani ga masu irin ciwonsa, ta daka ta zuba da hannu sake. Luba mai kek, wadda ba a taɓa mayar mata da gashi ba, ta zauna da gangan ta ɓata abinta. Ta ɗanɗana, ɗacin ya kai mata har ƙeya, ta ce madalla. A lissafinta za su gutsura su ajiye, shi kuma ya cinye.

Sun gutsura sun ajiye, wannan kam ta canka daidai. Bubayero ya ce yau magini ya cika siminti, aka yi dariya, aka ture kwanon. Abin da ba ta lissafa ba, kwanon da jama'a suka ture, mai shi ba ya jawo shi gabansa ya ci shi kaɗai kamar mayunwaci. Malam Hussaini ya dawo da shi cike, karo na farko tun aurensu. Ya ajiye a bakin murhu, ya shige ɗaki. Kashegari da kansa ya ce ta tuƙa tuwo da miyar taushe, irin wanda ta saba, don a wanke sunan gidan. Ta tuƙa tana hawaye, ya fita da shi, ya ci rabonsa.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Yatsunsa biyu suka fara baƙi. Ya daina zuwa kasuwar dabbobi, takalmi ya daina shiga, amma 'yar tafiyar nan zuwa tabarmar ciyayya ba ya fashin ta, ko da dafa bango ne. Mutane na tambaya, yana cewa kututture ne mai dafi. Kowa kuma ya kawo nasa maganin, har da mai cewa a shafa zuma a sha saura.

Wata safiya, bayan Malam Hussaini ya tafi wankin ciwo, Luba ta saka hijabi ta shiga gidan Baba Abdulkahar. Ta gaisa da matan gidan, ta ce wajen Baba ta zo. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta gaishe shi, sannan ta faɗi abin da aka ce kada ta faɗa.

"Baba, ɗanka Malam Hussaini ciwon suga ne da shi. Likita ya ce tuwon nan da yake ci a wajenku shi zai cinye masa ƙafa. Na yi iya yina a cikin gida, abin ya fi ƙarfina. Ku ne kaɗai zai ji maganarku."

Dattijon ya yi salati. Ya ce da sun sani ai da ba su yi ta tura masa kwano ba, su a ganinsu ramar da yake yi ce ta sa suke matsa masa ya ci. Ya sa mata albarka, ya ce ta je, ya ɗauki maganar. Ta fito tana jin kamar an sauke mata dutse daga ka. Ta koma gida ta fere kabewa, ta yi gashi mai kyau, ba hulba.

Kuma Baba Abdulkahar ya ɗauki maganar, sai dai ya ɗauke ta irin ta dattawa, a bainar jama'a. Da aka jera kwanuka ya yi gyaran murya ya sanar da kowa lalurar Malam Hussaini, ya ce daga yau ba mai taɓa kwanonsa, shi ma kada a bar shi ya taɓa na kowa. Ba wanda ya yi dariya. Da ma dariyar suka yi da ta fi sauƙi. Kowa sai sannu, sai Allah Ya sawwaƙe. Wani ya kawo masa buzu daban don ya miƙe ƙafa, aka ajiye masa kwanonsa a gabansa, aka juya aka kewaye tuwo. Da ya manta ya miƙa hannu, Bubayero, wanda suka yi wasan ƙasa tare, ya riƙe masa hannun a hankali ya ce, "A'a, Malam, yi haƙuri." Duk cikin ƙauna aka yi wannan, kuma shi ne ya karya shi.

Ya shigo gida da kwanon a rufe. Luba tana tsaye tana jira ta ga ko ya ci. Bai ɗaga murya ba, shi da ma ba ya ɗagawa.

"Na roƙe ki abu ɗaya a duniya," ya ce.

"Ƙafarka nake so ta tsira, Malam."

"Kin tsirar da ita. Ni kuma kin zaunar da ni a gefe kamar mai kuturta."

Daga ranar bai sake zuwa ciyayya ba. Baba Abdulkahar ya aiko, ya zo da kansa, ya ce masa lalura ba abin kunya ba ce. Malam Hussaini ya yi godiya, ya ce ƙafar ce ba ta barinsa. Amma kuma bai ci abin Luba ba. Duk abin da ta gasa, nan zai bushe a kwano. Mai sanyin hali idan ya yi fushi ba ya faɗa, ba ya kuma hucewa. Da safe sai ya ɗingisa zuwa bakin tasha, inda baƙi ke sauka ba wanda ya san shi da wata lalura, ya zauna a bencin mai shayi cikin mutane, a haɗa masa da madara da suga da burodi kamar kowa. Luba ta sani, don ana ganinsa ana gaya mata. Ta je har gaban gadonsa ta durƙusa ta ba shi haƙuri, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ce ya yafe, kuma ta san har zuciyarsa ya faɗa. Yafewar dai ba ta sa ya buɗe kwanon ba.

Ana gab da saukar ruwan farko zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙafar ta kumbura har ƙwauri. Ɗansu ya zo da mota aka kai shi Dutse ba ya gane mutane. Likita ya ce yanzu ba maganar ƙafa ake ba, maganar rai ake. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Da aka sallamo su, damina ta kankama. Gonarsa wani ɗan'uwansa ne ya shuka, tumakin aka rage. Mazan layin suka yi ta zuwa dubiya, suka ce za su dawo da ciyayyar zaurensa don kada ya zauna shi kaɗai. Ya tambaye su ko zai sa hannu a kwanonsu. Suka sunkuyar da kai. Ya ce to su bar ta inda take, Allah Ya saka da alheri.

Yanzu Luba ba ta karɓar aikin biki sai jefi-jefi. Tukunyar dai ba ta huta ba. Idan kabewar bara ta ƙare takan sa a nemo mata a kasuwa, ta turara, ta matse, ta gasa, ta yanka dogo-dogo. Malam Hussaini yana ci. Duk abin da ta ajiye masa yana cinyewa tas, ba yabo ba ƙorafi, yadda ake haɗiyar ƙwaya. Sugan ya sauka, dungulmin ya warke sumul, har ya ɗan yi ƙiba. Ranar da suka koma awo, ma'aikaciyar jinyar nan ta yaba mata, ta ce da haka aka kula da abincinsa tun farko da ba a kai ga wannan ba. Luba ta ce haka ne, ta tura shi a keken guragu suka fito.

Lokacin da ya fi mata nauyi shi ne bayan magariba. Tagar ɗakinsa tana kallon layi, ana jin ƙarar murafen kwanuka da hayaniyar maza daga ƙofar gidan Baba Abdulkahar. Yakan dakata da tauna ya karkata kai. Wani lokaci ya ce, ba da ita yake ba, yau gidan Bubayero kuɓewa suka yi. Ita kuma tana bakin ƙofa, tana kallon mutumin da ta samu yadda take so a kansa, tana jin baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Wani maraice ta kasa daurewa. Ta wanke hannu ta shigo ta zauna a gabansa a kan tabarma. Tun da aka ɗaura musu aure ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ba a saba ba, ita da yara take ci shi da maza. Ta yi bisimilla ta miƙa hannu cikin kwanonsa, don dai a ce hannu biyu ne a ciki.

Ya dube ta, ba da fushi ba. Ya jawo kwanon a hankali zuwa gabansa.

"Bari, Luba. Nawa ne ni kaɗai. Ai haka aka ce."

Ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Ta zauna nan har ya cinye, sannan ta ɗauki kwanon ta fita da shi wajen wanke-wanke.